Kawu Mai Zare da Sukarin Azumi

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, saura kwana tara a fara azumi. Kafin azahar ƙofar gidan ta cika da teloli, na cikin Maraɗi da na Tsibiri da na Jiratawa. 'Yan kabu-kabu sai sauke su suke yi biyu-biyu, wasu har da guntayen zare manne a rigunansu, don daga kan keken ɗinki labarin ya tashe su. Kusan babu wanda a cikinsu bai taɓa sayen zare ko allura ko maɓalli a shagon da ke jikin gidan ba. Shi ya sa ba su da sunan da suke kiransa da shi sai Mai Zare.

Ni ina ciki tare da mata, a ɗakin matar Kawu. Tagar ɗakin tana kallon rumfar da maza suka zauna, saboda haka mun ji abin da ba don kunnenmu aka faɗa ba.

"Allah ya jiƙan Mai Zare," in ji wani. "Mutum ne mai buɗaɗɗen hannu."

"Da buɗaɗɗen baki," wani ya ƙarasa masa.

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, wani dattijo ya yi gyaran murya, aka yi shiru. Can sai wata murya ta ce, "To bana ya za a yi da sukarin? Na leƙa shago shekaranjiya, na ga ya riga ya sawo kwalayen. Ai ba a bari su lalace ba."

A lokacin ko wanka ba a gama yi masa ba.

Matar Kawu ta ji. Ta miƙa hannu ta tura tagar, ta ci gaba da jan tasbaharta. Inna, mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa ciki ɗaya, ba ta yi hawaye ba sai da aka fita da shi, kuma abin da ta faɗa kawai shi ne, "Yaya ya tahi bai taɓa ce ma kowa yi haƙuri ba." Ban gane ba ko yabonsa take ko ƙararsa take kaiwa. Cikin maza mutum ɗaya ne ya yi kuka da murya, wani tsohon tela makaho daga Jiratawa, yana ta lalube a iska yana roƙon a kai hannunsa jikin makara. Kowa a wurin ya san Kawu bai wulaƙanta wani mahaluki kamar yadda ya wulaƙanta wannan tsoho ba. Maigidana kuwa ya kama makara tun daga ƙofar gida har maƙabarta bai yarda an canje shi ba. Ya dawo ya wanke ƙafa, kuma har yau bai furta kalma ɗaya a kan mamacin ba, mai daɗi ko marar daɗi.

An ce za a rufe shagon bayan salla. Na san garin nan: azumi biyu nan gaba ba mai tuna akwai wani Mai Zare. Ba na so a manta da shi, ba na kuma so a wanke shi tas kamar yadda ake wanke matattu a wurin gaisuwa, don wanda za a samu bayan wankin ba Kawuna ba ne.

Ina 'yar shekara shida mahaifina ya rasu. Kawu ya zo da kansa ya kwashe mu, ni da Inna, ya ba mu ɗakin da ya fi kowanne iska a gidan. Shi ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, shi ya saya mini keken ɗinkina na farko. Wannan ba na mantawa. Gajere ne, mai tabarau mai kauri da ya ɗaure ƙafarsa da baƙin zare, kullum jikinsa warin man keke. In an kawo masa sabon zare sai ya sa haƙori ya ja, ya saurari yadda ya tsinke, sannan ya ce a sauke ko a mayar. Yana da wata baiwa da ta zama wa mutane masifa: in ya dubi riga a jikin mutum, ya san telan da ya ɗinka ta, ya kuma san ko zaren daga shagonsa ya fito. Ranar Juma'a mutane na sauraron huɗuba, shi yana karanta wuyan riguna.

Sukarin azumi al'adar gari ce, kowa na kai wa surukai da manya. Kawu ya ɗauke ta ya kai kasuwa. Kwana uku kafin azumi muke tashi da asuba, ni da Inna da matarsa, mu yi ta ƙulli. Kashi uku ne. Manyan kiliyansa, wato masu sayen da ba su taɓa taka wani shago ba, kwalin sukari biyu da ganyen shayi da gwangwanin madara. Na tsakiya, kwali ɗaya da shayi. Na ƙarshe, kwali ɗaya tsirara ko leda babu. Da la'asar a jera benci a ƙofar shago, teloli su zauna, Kawu ya hau kujerarsa ya dinga kira ɗaya bayan ɗaya. Ba ya aikawa kowa gida. Duk mai so sai ya zo ya zauna, ya ji abin da za a ce masa a gaban abokan sana'arsa.

"Kai, bana ka yi ƙoƙari, riƙe da hannu biyu."

"Kai kuma na ga rigar angon nan da ka yi. Zaren wuyan nawa ne, na aljihu ba nawa ba ne. Ga kwali guda, ka je ka nemi shayi inda ka samo na aljihun."

Sai a fashe da dariya, wanda aka yi wa ma ya yi yaƙe ya karɓa. Inna ta sha yi masa magana. Takan ce, "Yaya, shagon nan taku nawa ne? Manyan alhazai masu manyan motoci su yi rabo, kai ma ka yi? In don Allah kake yi, ka ba su a ɓoye." Shi kuma amsarsa ɗaya ce kullum: "Wa ya ce miki don Allah nake yi? Na Allah daban, shina hita lokacinshi. Wanga na shago ne. Ina so in mutum ya kai kofi baki da magariba ya tuna ƙofar da zai shiga bayan salla."

Mu a cikin gida mun sha kunu salam ba sau ɗaya ba, kwalaye na jibge a zaure. Wata shekara matarsa ta zare kwali ɗaya, don Inna na fama da zazzaɓi tana son abu mai zaƙi. Ta yi zaton ba zai lura ba. Da la'asar ya raba ya raba, ya zo kan wani tela, sai ya buɗe hannu wayam ya ce da ƙarfi, "Naka mai ɗakina ta shanye. Je ka bakin zaure ka yi sallama, ka tambaye ta." Mutumin ya ce a bar shi, ya yafe. Kawu ya ce sam, sai ya je. Haka bawan Allah ya tsaya a bakin zaure kansa a ƙasa yana sallama, matar Kawu ta fito da ragowar kwalin a hannu, an buɗe an ci kusan rabi, ta miƙa masa daga bayan labule, maza talatin na kallo. Daga wannan shekara ba ta sake sa sukari a bakinta cikin azumi ba, ko a gidan biki.

Tsohon Jiratawa kuwa, a da shi ne na farkon kira. Ya fi kowa daɗewa yana saye, tun Kawu na kasa zare a faifai a bakin kasuwa. Manyan riguna yake ɗinkawa, masu aska a ƙirji, kuma Kawu da kansa yakan ce ba a yi hannu irin nasa a ƙasar ba. Sai ido ya fara ba shi matsala. Shekara ta farko ya rage saye, aka sauke shi kashi na biyu. Ta biyu aka sauke shi na uku. A ta uku ido ya rufe gaba ɗaya, keke ya tsaya. Duk da haka ya sa babbar rigarsa, ya hau kabu-kabu tun daga Jiratawa, ya zo ya zauna a wurin da ya saba, farkon benci. Ina zaure ina miƙo ƙulli, ina kallonsa. Duk sunan da aka kira sai ya ɗan miƙe zaune, ya ji ba nasa ba ne, ya koma. Har benci ya watse.

"Mai Zare," ya ce, "ko ka tsallake ni?"

"Ban tsallake ka ba. Mi ka saya bana?"

"Ai ka ga yadda Allah ya yi da ni."

"Na gani. Allah ya ba ka lahiya. Amma wanga rabo na masu ɗinki ne, kai kuwa ka daina."

Tsohon ya dafa benci. Sannan ya tashi yana lalube, ya ce, "Haka ne. Ka yi gaskiya." Wani ya kama hannunsa ya kai shi bakin hanya. Na shiga ɗaki na yi kuka, na ce wa Inna Kawu ba shi da imani. Ta ce in rufe bakina, a gidansa nake cin tuwo.

Sai daga baya na san sauran labarin. Kawu na da gona a hanyar Tsibiri. Tun daga wannan kaka, duk shekara kafin a kawo hatsi gidanmu sai an fara sauke damman gero a ƙofar tsohon nan, da wake, wani lokaci har da akuya in salla ta matso. Kawu bai fasa ba muddin gonar na hannunsa, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Matar tsohon ce ta gaya wa Inna. Amma ko ƙwayar sukari bai sake ba shi ba. Na taɓa kai wa tsohon gaisuwa bayan na yi aure. Na ce masa ai Kawu na ƙaunarsa, ga hatsi duk shekara. Ya juyo da fararen idanunsa wajena ya ce, "Ɗiyata, gero ko maroƙi ana ba shi. Ni sunana nake so a kira."

Maigidana tela ne ɗan Tsibiri, a shagon Kawu ya fara ganina, kuma Kawu ne ya ba shi ni, ya yi mana komai. Mutum ne marar hayaniya, in ya yi fushi sai dai ya ƙara yin shiru. A shekarar farko ta aurenmu ya samu aikin da bai taɓa samun irinsa ba: wani attajiri zai aurar da ɗiya, ya ba shi ɗinkin mazan gidan duka, shadda mai ruwan ƙasa-ƙasa da surfani mai launin zuma. Kawu ba shi da wannan launi. Maigida ya je sau biyu, Kawu ya ce ya jira kaya na hanya. Biki ya matso, kaya ba su zo ba. Sai ya ba wani direba saƙo aka sawo masa daga Katsina. Ya yi niyyar gaya wa Kawu, kunyar suruki ta hana shi.

Kawu ya ga rigunan a masallacin Juma'a. Bai ce komai ba, wata huɗu cur. Yana amsa gaisuwarmu, yana tambayar lafiyar cikin da nake ɗauke da shi.

Ranar rabo na zo daga Tsibiri tun safe don in taya ƙulli. Da hannuna na ƙulla na maigida, kwali biyu da shayi da madara, na ajiye gefe. Da la'asar Kawu ya kira kowa, ya bar shi ƙarshe, amma bai bari kowa ya tashi ba. Sannan ya ɗauki ƙullin da na yi, ya kwance a hankali, ya fasa kwali, ya zaro ƙwaya ɗaya.

"Surukina, matso. Buɗe hannunka."

Maigida ya durƙusa ya buɗe hannu biyu, kamar yadda ake karɓar abu daga manya. Kawu ya ɗora masa ƙwayar a tsakiyar tafi.

"Wanga ta ladan aure ce, don kana riƙe da ɗiyata. Sauran ka tahi Katsina, su ma suna azumi."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Maigida ya dubi abin da ke hannunsa ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma." Ya miƙe, ya bi ta tsakiyar mutane da hannunsa a dunƙule, ya hau babur ɗinsa. Ya manta da ni a gidan, ko kuwa bai iya shigowa ya dube ni ba. Washegari na koma Tsibiri a motar haya. Bai ce mini komai ba a kan abin, ni ma ban ce ba. Ya ci gaba da gaishe da Kawu ranar salla da ranar suna da ranar rasuwa, yana durƙusawa har ƙasa. Amma ƙafarsa ba ta sake taka dakalin shagon ba.

Na je na sami Kawu bayan na haihu. Na ce, "Kawu, mi ya yi maka da zahi haka? Kai ne ba ka da zaren."

Ya ce, "Da wani ne da na ba shi kwali guda na ƙyale. Shi nawa ne. In nawa ya hita aka yi shiru, gobe wa zai tsaya?"

Shekaru suka wuce. Babban ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, ya dawo daga karatu a Yamai da niyyar riƙe shagon. Rikicinsu na farko kuma na ƙarshe a kan sukarin nan ne, a tsakar gida, muna zaune ana tsinkar zogale. Yaya ya ce zamani ya canja. Ƙaramin shago ba ya iya wannan hidima, ribar wata biyu ke tafiya cikin shayin mutane. Tela yanzu waya gare shi, yana tambayar farashi a shago biyar kafin ya tashi daga keke. In dai kado ake so a yi, wato kyauta, a buga kalanda da sunan shago a raba lokacin bonane, farkon sabuwar shekara, ta yi shekara a bango.

"Kalanda," in ji Kawu. "Wa ka taɓa gani ya buɗe baki da takarda?"

"Baba, ba sukarin ke kawo su ba. Tsoron bakinka ke kawo su. Ranar da suka samu inda za su saya ba a zage su ba, ba ka ƙara ganin ko ɗaya."

Kawu ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Na sa ka lakwal don ka iya lissahi, ashe rowa suka koya maka. Ba ni makullin." Yaya ya ajiye makullin a kan tabarma. A satin ya koma Yamai, can ya yi aure, ba ya zuwa sai salla.

Abin da ya faɗa kuwa bai daɗe ba ya tabbata. Ɗan wani babban alhaji, cikin masu fataucin ƙetare, ya buɗe katafaren shagon kayan ɗinki a bakin babbar hanya, mai gilashi da fanka. Kayansa sun fi araha, launi kuma babu wanda babu. Da azumi ya zo bai jera benci ba, bai kira sunan kowa ba. Duk wanda ya shiga saye sai a sa masa sukari da shinkafa a leda, ko fuskarsa ba a duba. Teloli suka zube can kamar an kira su.

Amma ba su daina zuwa rabon Kawu ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Duk shekara benci na cika. Suna zuwa da ledar wancan shago rataye a babur, sunan a rubuce ɓaro-ɓaro, su zauna, ya kira su, ya yi musu gorin da ya saba, su yi dariya da gaske yanzu, don gorin ya daina yi musu ciwo. Sun mai da shi abin kallo. Akwai masu tsokanarsa da gangan don ya yi faɗa su ji daɗi. Su karɓi kwali su tafi, ba ya sake ganinsu sai wata shekara. Ya san haka sarai. Idonsa bai mutu ba, yana ganin zaren da ke wuyansu. Sai ya ƙara yawan madara. Ya sayar da rabin gonar hanyar Tsibiri bai gaya wa kowa dalili ba. Zaren da ke kan kanta ya yi ta kwasar ƙura har launi ya dushe.

A lokacin Allah ya buɗa wa maigidana. Mun dawo Maraɗi, unguwar Zariya, ya sa injinan surfani, ɗinkinsa har Yamai ake kaiwa. Zaren da yake ci a wata ya isa ya rayar da shago irin na Kawu. Bara, kwana uku kafin azumi, Kawu ya aika a kira ni da safe. Na tarar da shi shi kaɗai a shago, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin kanta, wanda ban taɓa ganin ya yi wa kowa irinsa ba: kwali huɗu, shayi, madara, dabino, har da turare. Da hannunsa ya ƙulla, na gane ƙullin.

"Kai ma maigidanki," ya ce, yana kallon hanya. "Ba sai ya zo benci ba."

A iya sanina wannan ne karo na farko da ya aika wa wani rabo gida. Na san abin da yake nufi, na kuma san ba zai iya faɗarsa da baki ba. Na rungumi ƙullin a kabu-kabu ina murna kamar yarinya.

Maigida na cin abinci na ajiye a gabansa, na ce daga Kawu. Ya dube shi, bai taɓa ba. Ya gama cin abincinsa, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Ki mayar mishi. Ki ce na gode, nawa da ya ba ni bai ƙare ba."

Na roƙe shi. Na ce tsoho ne, ya sauko, shagon na mutuwa. Na haɗa shi da 'ya'yanmu. Ya ce, "Ban hana ki kai mishi abinci ba, ban hana ki kai mishi kuɗin magani ba, ko nawa ne ki ɗauka. Amma wanga kada ya kwana gidana."

Na fito da ƙullin. Na kai har kwanar gidan Kawu, na hango shi zaune a dakali yana kallon hanya, sai na kasa sauka. Na ce wa ɗan kabu-kabu ya wuce. A bakin tasha na ga wata mata zaune da ƙwaryar fura, na sauke mata ƙullin a gabanta na juya tana ta kirana. Da yamma na je na ce wa Kawu maigida ya karɓa, ya yi godiya, ya ce zai shigo bayan salla.

Na yi zaton tausayi na yi. Amma na ga yadda Kawu ya gyara zama. Bayan salla ya sa aka share shago aka yi fenti. Ya sayar da ragowar gonar, ya yi odar zaren surfani na inji, irin wanda duk cikin masu zuwa wurinsa babu mai amfani da shi, launi-launi, har da na zuma. Ya jera su a kantar gaba. Kullum da safe sai ya sa hula mai kyau ya zauna. In na je gaishe shi sai ya ce, kamar ba da wata manufa ba, "Aiki ya yi mishi yawa ko?" In ce eh, Kawu, aiki ne. Na yi ta cewa gobe zan faɗa masa gaskiya. Wata biyar ina cewa gobe.

A wurin wani ɗaurin aure suka haɗu. Maigida ya durƙusa ya gaishe shi kamar kullum. Kawu ya riƙe hannunsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce a gaban mutane, "Surukina, dabinon ya yi daɗi? Kayanka na nan sun iso, ina ta jira."

Maigida ya ce, "Wane dabino, Baba? Ai tun ranar na ce ta mayar muku."

Wanda ya ba ni labari ya ce Kawu ya saki hannun a hankali, ya ce, "To. To, madalla." Ya nemi takalmansa ya tafi, ba a ko shafa fatiha ba.

Bai aika a kira ni ba, bai yi mini faɗa ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. In na je gaisuwa sai ya amsa kamar yadda yake amsa wa mai wucewa, ya ci gaba da abin da yake yi. Zaren surfanin ya bar shi a kantar gaba bai sauke ba, bai kuma sayar wa kowa ba, ko da wani ya taya. Duk da haka, da watan azumin bana ya matso, ya tattara abin da ya rage masa ya sawo kwalaye. Yana cikin jera su ne ya faɗi.

Kwana huɗu ya yi a asibiti. A na uku na samu ɗakin ba kowa, matarsa ta fita alwalar la'asar. Ya juya fuska bango, gefen bakinsa ya karkace, amma magana na fita. Na durƙusa a bakin gado na ce, "Kawu, ni ce. Ka yahe mini. Tsoro na ji, ban iya kawo maka shi ba."

Sannan ya ce, bai juyo ba, "Wa kika ba?"

"Wata mata, a bakin tasha. Mai hura."

"Tana ɗinki?"

"A'a, Kawu."

"Mijinta hwa?"

"Ban sani ba. Ban san ta ba."

Ya ja numfashi. "Kwali huɗu," ya ce. "An yi asara."

Na jira ko zai ƙara wani abu. Na riƙe hannunsa, bai janye ba, bai kuma riƙe nawa ba. Matarsa ta dawo, mai jinya ta ce a ba shi wuri ya huta. Washegari da hantsi ina hanyar kai masa kunu aka kira ni a waya.

Allah, ga bawanka nan ya zo maka, ka fi mu sanin abin da ya ɓoye da abin da ya bayyana. Ka yi masa da sauƙi fiye da yadda ya yi wa mutane, ka yi mana da sauƙi fiye da yadda muka yi masa. Ni dai ban ji ya ce ya yafe ba.